Yadda za ka bi sawun tsofaffin mawaƙan bulus na Amurka ba tare da an cika ka da ƙanzon kurege ba

Bari mu fara raba gardama tukuna, don na san wani da ya ga kalmar bulus zai ɗauka waƙoƙin soyayyar nan ne masu sanyi da ake sakawa a rediyo bayan sha ɗayan dare. Ba su nake nufi ba. Wanda nake magana a kai kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, manoman auduga da leburorin reluwe da makafi masu kiɗa a bakin titi, wanda ya fara shiga faifan garmaho sosai a 1920 lokacin da wata mata Mamie Smith ta yi wa kamfanin Okeh faifai ya yi kasuwa, har kamfanoni suka farga ashe baƙaƙe ma suna da kuɗin sayen faifai. Kusa da shi akwai waƙoƙin gargajiya na talakawan turawa mazauna duwatsun Afalaciya, masu banjo da goge.

Wahalar shiga harkar nan iri biyu ce. Faifan ba su da daɗin ji a karon farko, sannan labarin mutanen ya cakuɗe da shaci-faɗi sosai, don yawancinsu sun mutu babu wanda ya tambaye su komai, sai daga baya wasu suka zo suka cike gurbin da abin da ya yi musu daɗi. Ga yadda ni nake bi da su.

Ɗauki mutum ɗaya, ka zauna da shi

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya buɗe wani dogon jerin waƙoƙi 200 a YouTube ya bari yana ta tafiya, bayan awa ɗaya duk sun zama abu ɗaya a kunnensa, tsoho da jita yana kuka. Kar ka yi haka. Zaɓi mutum guda ka ba shi sati biyu. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne yawancinsu aikin da suka bari bai da yawa, Robert Johnson waƙoƙi 29 ne kacal, Blind Willie Johnson 30, Skip James kuwa 18 ya bari daga 1931, duk za ka iya gamawa a zama ɗaya ko biyu.

In ka tambaye ni da wa za ka fara, zan ce Mississippi John Hurt. Ba don ya fi kowa ba, sai don muryarsa a kwance take kamar kakanka yana ba ka labari bayan sallar isha, kalmominsa suna fita, kuma faifan da ya yi wa Okeh a 1928 sun fi na mutane da yawa tsabta. In kai mai son abu da ƙarfi ne to fara da Bessie Smith, wadda kamfanin Columbia ya ɗauka tun 1923, ita murya ce da ko tsohon inji bai iya danne ta ba. Wanda ban ba ka shawarar farawa da shi ba shi ne Charley Patton, duk da cewa shi ne babban bango a yankin Delta na Misisipi. Ni da shi na fara saboda kowa yana cewa shi ne uba, wallahi ko minti ɗaya ban yi ba na kashe, na ɗauka iyafis ɗina ne ya lalace. Sai da na yi wata uku ina jin wasu kafin na dawo masa.

Koya wa kunnenka tsallake ƙarar faifai

Wannan shuuu da ƙas-ƙas da kake ji kamar ana suya a bayan mawaƙin, ba laifin wayarka ba ne. Faifan zamanin yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, da wani irin ƙaro mai saurin fashewa ake yin sa, kuma allurar garmaho ta ƙarfe tana cin sa duk lokacin da aka saka. Gefe ɗaya minti uku ne da 'yan kai, shi ya sa duk waƙoƙin tsawonsu kusan ɗaya, ba wai haka suke yi a wajen rawa ba, a can waƙa ɗaya tana iya jan lokaci har sai masu rawa sun gaji. A sutudiyo ne ake yi wa mutum alama ya datse.

Kamfanin Paramount kuma shi ne ya fi kowa laifi, kuma abin haushi shi ya ɗauki manyan, Ma Rainey da Blind Lemon Jefferson da Patton da Son House da Skip James. Asalinsa kamfanin kujeru ne a jihar Wiskonsin, suna yin akwatin garmaho sai suka ce bari mu yi faifan da za a saka a ciki, da kayan araha suke bugawa, tun yana sabo yana ƙara. Da suka daina ɗauka a 1932 yawancin uwayen faifan na ƙarfe suka salwanta, don haka abin da kake ji yau an kwafo shi ne daga faifan da aka tsinto a gidajen mutane bayan ya sha allura shekara da shekaru. Akwai waƙoƙin da kwafi ɗaya tak ya rage a duniya.

Dabarar ita ce kar ka ƙure sautin wayarka, ka sa shi tsaka-tsaki, ka saurari waƙa ɗaya sau uku a jere. Karo na farko ƙarar za ka ji. Na biyu ka bi babban yatsan mai jitar kawai, wato tsirkiyoyin sama masu kauri da ke riƙe da taku, dum-dam dum-dam, kamar ƙaramin ganga. Na uku ka bi muryar. Zuwa kwana na huɗu ko biyar za ka ga kunnenka ya ture ƙarar gefe da kansa kamar yadda mai kwana kusa da janareto yake daina jin sa. Sannan in ka samu kwafi biyu na waƙa ɗaya, ɗaya an wanke shi tas da kwamfuta ɗaya da ƙararsa, ni dai na fi son mai ƙarar, don wankin yakan tafi da rabin muryar, sai ka ji mutum kamar yana waƙa a cikin tulu.

Yadda baitin yake tafiya ba wuya. Mawaƙi zai faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi da ɗan canji, sai ya kawo na uku ya rufe, galibi a cikin gaɓa 12, wato zagayen takun kiɗan sau 12. Amma abin da nake so ka kula da shi shi ne gurbin da yake bari bayan kowane ɗango, a nan jita ke amsawa, ita ce 'yar amshinsa tunda ba shi da kowa. Masu saka wuyan kwalba a yatsa ko su riƙe wuƙa suna goga ta a kan tsirkiya, irin su Son House da Blind Willie Johnson, har sukan bar kalma a rabi jita ta ƙarasa musu. Wani makaɗi mai tsara waƙoƙi, W. C. Handy, ya ba da labarin cewa a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler wajen 1903 ya fara jin wani yana goga wuƙa a jita haka. Kuma kar ka tsaya ƙirga gaɓa 12 ɗin nan da yatsa kana neman kama su da kuskure, mutanen karkara ba ruwansu, wani baitin 11 wani 13 da rabi, numfashinsu suke bi.

Turancin kuwa kar ya karya maka gwiwa, ko Amurkawa har gobe suna gardama a kan abin da Patton ya ce a wasu wuraren. Nemi rubutun waƙar ka riƙa bi, amma ka sani mai rubutun shi ma kunne ya sa. Kuma in gaya maka gaskiya tun yanzu, akwai zancen giya da mata da batsa a lulluɓe a ciki da yawa, masu zuwa coci a lokacin kiɗan shaiɗan suke ce masa. In wannan zai dame ka akwai waɗanda waƙar addininsu kawai suke yi da salon kiɗa iri ɗaya.

San abin da mutumin yake yi da rana

A nan ne ainihin gizo ke saƙar. Kusan babu ɗaya daga cikin mutanen karkaran nan da kiɗa kaɗai ya riƙe shi, in ka cire makafin da ba su da wata hanya. In ba ka san aikin da mutum yake yi daga Litinin zuwa Asabar da rana ba, ba za ka gane abin da yake faɗa ranar Asabar da daddare ba.

Tsarin da yawancinsu suka taso a ciki noman a-raba ne. Mai gandu, bature, zai ba ka fili da alfadari da iri da ɗan ɗakin katako, abinci da sutura kuma ka ci bashi a kantinsa har kaka. In an tsinci auduga an kai an auna, rabi nasa ne, daga rabinka kuma a cire bashin kanti da ruwan da ya hau kai, kuma littafin a hannunsa yake, kai ba ka isa ka ce a sake lissafi ba a ƙasar da baƙar fata bai da bakin magana a kotu. Mutum zai yi shekara yana duƙe a ƙarshe a ce masa saura dala kaza ake bin ka. Shi ya sa waƙoƙin suka cika da jirgin ƙasa da tafiya da asuba da jaka a hannu, ba yawon buɗe ido ba ne, gudu ne, sau da yawa cikin dare kafin mai gandu ya farga. Kuma in ka ji mutum yana ta kukan wata mata da ta zalunce shi ta cinye masa kuɗi, wani lokacin macen ce da gaske, wani lokacin kuma habaici ne ga wanda ba a isa a kama sunansa ba.

To ka bincika waɗannan a kan wanda ka zaɓa: a wane gandu ko gari ya zauna, me yake yi, ya taɓa shiga gidan yari, yaushe ya yi arewa in ya yi. Patton a gandun Dockery ya taso. Muddy Waters tarakta yake tuƙawa a gandun Stovall kusa da Clarksdale lokacin da masu tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax da John Work na Jami'ar Fisk, suka zo da injin ɗaukar murya a mota a 1941, daga baya aka aiko masa da cak na dala 20 da kwafi biyu na faifan, a 1943 ya hau jirgi sai Cikago. Son House ya yi wa'azi a coci, ya yi zaman kurkukun Parchman, rayuwarsa duka tsakanin mumbari da kwalba ta ƙare. Ka haɗa da manyan abubuwa uku da suka girgiza yankin, ƙwaron da ya riƙa cinye auduga, ambaliyar kogin Misisipi ta 1927, da injin tsintar auduga da ya shigo a shekarun 1940 ya sa hannun mutum ya zama ba a bukata. Baƙaƙe kusan miliyan 6 ne suka bar kudu tsakanin 1910 da 1970, kuma jitar da ka ji ta koma ta lantarki a Cikago dalilinta ke nan, mashayar birni ta fi ƙarfin jitar katako.

Zancen kuɗi kuma ka shirya ranka zai ɓaci. Yawanci biyan su ake yi sau ɗaya a kan kowace waƙa, su sa hannu ko su dangwala, shi ke nan. Arthur Crudup wanda Elvis Presley ya fara suna da waƙarsa a 1954 ya koma aikin gona, ya mutu a 1974 yana bin haƙƙinsa. Kamfanoni dai su ne suka ci bulus ɗin na gaske.

Suna ba shaida ba ne

Kafin ka ce ka gama da mutum duba ko yana da wasu sunaye. Patton in zai yi waƙar coci sai a rubuta Elder J. J. Hadley a faifan, Blind Lemon kuma Deacon L. J. Bates, don kar masu ibada su ƙi saye. Blind Willie McTell ya yi Blind Sammie ya yi Georgia Bill, John Lee Hooker ya yi Texas Slim da wasu barkatai, su kuma dabara ce ta tsallake kwantiragi su karɓi kuɗi a wani kamfanin. Sai kuma akasin haka, mutum biyu suna ɗaya. Sonny Boy Williamson biyu ne, duk masu busa hamonika, na farkon aka kashe shi a Cikago a 1948, na biyun, Rice Miller, ya ɗauki sunan yana busa a rediyon garin Helena tun 1941 ya rayu har 1965. In ka ga bidiyo na wani dogon tsoho da hular turawa yana busa a Ingila, na biyun ne.

Ranar haihuwa ma kar ka rantse a kai. Muddy Waters 1915 yake faɗa, takardu suka nuna 1913.

In labari ya cika daɗi, nemi takarda

Wannan shi ne abin da na fi so ka tafi da shi. Duk labarin da ka ji ya yi kyau da yawa, ka tambayi abu biyu, wa ya fara faɗa, kuma a wace shekara.

Ɗauki na Robert Johnson da ake cewa ya je mararraba tsakar dare ya sayar wa shaiɗan ransa a ba shi iya jita. In ka bi zaren za ka tarar wanda aka fara ba da wannan labarin a kansa dalla-dalla wani ne daban, Tommy Johnson, ba ma danginsa ba ne, kuma ɗan'uwansa ne ya ba masu bincike labarin shekaru bayan ya mutu. Shi Robert abin da aka tabbatar shi ne ya ɓace wani lokaci ya je ya zauna wajen wani makaɗi Ike Zimmerman ya koya, sannan yana da kunnen da in ya ji faifai sau ɗaya ya ɗauke. Saurari Son House da Skip James da Leroy Carr da Lonnie Johnson kafin ka saurare shi, za ka riƙa tsintar inda ya samo kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Ya yi rikodin a otal ɗin Gunter a San Antoniyo a Nuwamban 1936, da Dalas a Yunin 1937, ya mutu 16 ga Agusta 1938 kusa da Greenwood yana ɗan shekara 27. Takardar mutuwarsa sai a 1968 wani mai bincike Gayle Dean Wardlow ya tono ta, kuma a gurbin dalilin mutuwa abin da aka rubuta shi ne babu likita. Yau kaburbura uku ne ke ɗauke da sunansa a maƙabartu uku. Ni wannan babu likitan ya fi tsaya mini a rai fiye da shaiɗanin.

Bessie Smith ma haka. An daɗe ana cewa bayan haɗarin motar da ta yi a Satumban 1937 an kai ta asibitin turawa suka ƙi karɓar ta ta mutu a ƙofa. Labarin ya yi kama da gaskiya don zamanin zai iya, amma waɗanda suka bi diddigi sun gano kai tsaye asibitin baƙaƙe na Clarksdale aka kai ta, a can ta cika. Abin da yake gaskiya shi ne kabarinta ba ko alama har 1970. Akwai kuma wata waƙarta ta ambaliya da kowa ke jingina wa ambaliyar 1927, alhali a Fabrairu aka ɗauke ta, babbar madatsar kogin Misisipi kuwa sai Afrilu ta fashe. Duba kwanan wata kawai ya warware wannan.

Lead Belly kuma, mai jita mai tsirkiya 12, John Lomax da ɗansa Alan suka same shi a kurkukun Angola da ke Luwiziyana a 1933. Ana cewa waƙa ya yi wa gwamna aka sake shi a 1934, amma takardun gidan yarin sun nuna lokacin sakinsa ne ya yi saboda rangwamen kyakkyawan hali. Gwamnan da ya yi masa afuwa da gaske na Teksas ne, a 1925, a wani ɗauri da ya yi kafin wannan. Bayan ya fito direban John Lomax ya zama, har an sa shi ya saka kayan fursuna a gaban kyamara don labarin ya fi sayuwa. Wannan ya kamata ya sa ka riƙa tambayar wa ke riƙe da makirufo. Su Lomax sun yi aikin da ba don su ba da muryoyi da yawa sun tafi, wannan ba musu, amma suna da abin da suke nema, tsoho, na karkara, wanda rediyo bai taɓa ba. Kamfanoni kuma bulus kawai suke so daga baƙar fata. Alhali mutanen nan a wajen biki komai suke kaɗawa, har waƙoƙin kaboyi da na rawar turawa, duk abin da zai sa a jefo kuɗi. Abin da ke faifai yanki ne kawai na abin da mutum ya iya.

Saurari mutum sau biyu, yana saurayi da yana tsoho

Da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan 1929 cinikin faifai ya mutu, mutanen nan suka koma gona da coci da leburanci, shiru kamar an shuka dusa. Sai wajen 1952 da wani Harry Smith ya tattara tsofaffin faifai ya fitar da waƙoƙi 84 a kamfanin Folkways, samarin turawa 'yan jami'a suka ji suka haukace, yawanci sun ɗauka masu waƙar duk sun mutu. A 1963 wani Tom Hoskins ya lura John Hurt ya ambaci sunan garinsu Avalon a wata waƙa, ya nemo ƙauyen a tsohuwar taswira ya tuƙa mota har can, ya tarar da shi da ransa yana aikin gona, shekara 35 bayan faifansa. A shekarar ya hau dandamalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, ya samu shekara uku yana cin gajiyar abin kafin ya rasu a 1966. A Yunin 1964 aka samo Skip James kwance a asibiti a Tunica, aka samo Son House a Rochester ta jihar Niyok ya daɗe da ajiye jita, har sai da wani matashi Alan Wilson ya zauna yana tuna masa yadda yake kaɗa waƙoƙinsa na da. A wannan watan ne kuma aka kashe matasa uku masu fafutukar 'yancin baƙaƙe a Misisipi, don ka san irin ƙasar da ake yawon neman mawaƙa a cikinta.

Amfanin wannan gare ka shi ne akwai bidiyo. Saka faifan 1930 sannan ka kalli mutumin a shekarun 1960, hannun ya yi nauyi amma za ka ga yadda ake yi, yadda Son House ke dukan jitar ƙarfe kamar yana da bashi a kanta, ido a rufe, gumi na zuba. Bayan ka gani, in ka koma tsohon faifan sai ka ji ya buɗe.

Kar ka tsallake mata da mutanen dutse

Masu rubutu sun fi son hoton namiji shi kaɗai da jita a bakin hanya, amma faifan mata ne suka fara yin kasuwa, kuma Memphis Minnie ta yi waƙoƙi wajen 200 tana kaɗa jitar da maza da yawa ba su kai ba. Elizabeth Cotten bahaguwa ce, sai ta juya jitar 'yan dama a kife ta koya haka nan, babban yatsa na yin waƙa sauran na riƙe taku, ta ajiye kiɗan shekaru da yawa, tana aikatau a gidan wasu masana kiɗa, su Seeger, aka gano ta iya, ta karɓi Grammy a 1985 tana da shekara casa'in da wani abu.

Ɓangaren turawa kuma fara da rikodin da wani wakilin kamfanin faifai Ralph Peer ya yi a garin Bristol a 1927 inda aka samo iyalan Carter da Jimmie Rodgers, sai Dock Boggs mai haƙar kwal a Bajiniya wanda talauci ya sa ya jinginar da banjonsa, aka sake nemo shi a 1963. Kamfanoni sun raba kundi biyu, na baƙaƙe daban na turawan ƙauye daban, amma A. P. Carter da wani baƙar fata Lesley Riddle yake yawon tattaro waƙoƙi, shi yana rubuta kalmomi Riddle yana haddace karin.

Nan za ka fara jin wani abu kamar ka san shi, musamman a banjo, kuma ba ƙarya kunnenka ya yi ba, bayi ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata a kan fasalin kayan kiɗan Afirka ta Yamma irin akontin na Jolawan Gambiya da Senigal da ngoni na Mali, 'yan'uwan molo da gurmi. Ganga kuwa an hana bayi a wurare, Karolina ta Kudu ta sa dokar a 1740 bayan wani bore, amma duk da haka sarewa da ganga sun rayu a tuddan arewacin Misisipi, nemi Sid Hemphill da Othar Turner ka ji. Ali Farka Touré na Niafunke ma in ka sa shi kusa da John Lee Hooker za ka yi murmushi. Sai dai ni ba na cikin masu saurin cewa ai namu ne aka kai can. Jijiyar ta nan ce, amma bulus kansa a gandun auduga aka haife shi bayan an 'yanta bayi, da jitar kanti da Turanci da wahalar da ta su ce.

Inda za ka samu, da ɗan littafinka

Rikodin ɗin Alan Lomax suna nan kyauta a intanet a rumbun ƙungiyar da ya kafa, har da hirarraki, kuma hirar ta fi waƙar amfani wani lokacin. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da sashen waƙoƙin gargajiya tun 1928 kuma ya saka da yawa a shafinsa. Cibiyar adana tarihi ta Smithsonian ta karɓi Folkways a 1987, takardun bayanin da ke cikin faifansu ana sauke su kyauta, ka karanta su. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana da rumbun bayanan tsofaffin faifai na kamfanoni irin su Victor da Columbia da Okeh, a nan za ka ga rana da gari da lambar da aka zana a jikin kowane faifai, wadda ita ce ke raba gardamar wace waƙa ta riga wace. In ka yi nisa har kana son takardu, Amurka tana sakin sunayen ƙidayar jama'a bayan shekara 72, ta 1950 ta fito a 2022, a ciki za ka ga gwanin da duniya ke ji da shi an rubuta masa leburan gona.

In data na yi maka wuya sauke murya kawai ka bar bidiyo sai ka samu waifai, waƙar minti uku ba ta cin komai. Sannan ka samu ɗan littafi, kowane mawaƙi shafi biyu. A hagu ka rubuta abin da ke da takarda ko kwanan wata, a dama abin da aka ce, da sunan wanda ya ce da shekarar da ya faɗa. Shafin Patton nawa na hagu bai cika rabi ba, hotonsa ma ɗaya ne tak aka sani, yana zaune a kujera da jita a cinya da 'yar taye a wuya. In ka gama sati biyunka da John Hurt, wuce wajen Elizabeth Cotten, daga ita sai Blind Lemon, sai Son House, Patton ya zo na biyar.